Mai kaza a aljihu, da sarkin da ya yi masa dariya

Zancenmu na wannan mako zai kai mu nesa da gida, can ƙasar Rasha, ya kuma mayar da mu baya da shekaru kusan ɗari biyu. Amma ina kyautata zaton duk wanda ya taɓa zama bayan teburin biro, ko ya taɓa tsayuwa gabansa da takarda a hannu yana jiran a buga masa hatimi, ba zai ji kansa baƙo cikin wannan zance ba.

Ran 19 ga watan Afrilu na shekara ta 1836, bisa lissafin kalandar da Rashawa ke aiki da ita a wancan zamani, aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na ban dariya a gidan wasa na Aleksandirinski da ke birnin Fetersbur, fadar mulkin ƙasar. Sunan wasan Revizor, wato Mai Bincike, wanda ya rubuta shi kuwa wani saurayi ne ɗan shekara 27, haifaffen ƙasar Yukren, mai suna Nikola Gogol, wanda shi kansa ya taɓa zama ƙaramin akawu cikin ma'aikatun wannan birni. Tun daga farkon wasan har ƙarshensa babu ma'aikacin gwamnati ko guda da ya fito da hannu mai tsabta. Sarkin Rasha, Nikola na ɗaya, yana zaune cikin ƴan kallo a wannan dare. Ya yi dariya, ya tafa, har ya umurci ministocinsa su je su gani da idonsu.

Wannan sarki fa ba abokin wasan kowa ba ne. A watan Disamba na 1825 ya hau gadon mulki, a ranar farko ya sa aka buɗe wa sojojin da suka yi masa bore wuta da igwa. A 1826 aka rataye biyar daga cikin shugabanninsu, aka tura fiye da ɗari Siberiya. A cikin shekarar ce ya kafa ƴan sandan ciki da ake kira Sashe na Uku, kuma daga 1828 babu wasan da ke hawa dandali sai da iznin wannan sashe. Wasan Gogol ma sai da abokansa masu shiga fada suka kai maganarsa gaban sarki kafin hanya ta buɗe masa. To, me ya ba irin wannan mutum dariya cikin wasan da ya tsiraita ma'aikatansa a bainar jama'a? Kafin mu taɓa wannan tambaya sai mun ji abin da wasan ya ƙunsa, don a lise Moliyar aka fi cusa wa ɗalibai, Gogol kuwa sai wanda ya neme shi da kansa.

Labarin yana faruwa a wani ƙaramin gari marar suna, nesa da idon fada. Shugaban garin naɗaɗɗe ne, mulki da ƴan sanda duk suna hannunsa. Bari mu kira shi kumandan, don muƙaminsa ya fi kama da na kumandan da kakanninmu suka sani. Da safe ya tara manyan ma'aikata ya shaida musu cewa wata wasiƙa ta iso masa: mai bincike yana tafe daga Fetersbur, a ɓoye, da umurni na asiri. Nan take kowa ya shiga lissafin abin da ke cikin aljihunsa. Mai kula da gidan likita ba ya sayen magani mai tsada, likitan da ke ƙarƙashinsa Bajamushe ne da ba ya jin ko kalma guda ta Rashanci. Alƙali ya bar masu gadi suna kiwon dinya a zauren shari'a, kuma ba ya ɓoye cewa yana karɓar ƴan kwikwiyon farauta daga masu ƙara, sai dai a ganinsa kare ba ya cikin lissafin cin hanci. Shugaban gidan waya yana buɗe wasiƙun mutane don jin daɗin karatu, wadda ta burge shi ya ajiye. Shi kumandan kansa, shekara biyar ke nan da aka ba da kuɗin gina wata majami'a, ko tubali ba a aza ba. Ya kuma sa an yi wa matar wani soja bulala, abin da doka ta hana.

Abin lura a nan, cikin dukan shawarwarin da aka yanke a wannan taro babu guda da ta shafi gyara. A sa wa marasa lafiya huluna masu tsabta, a rage yawansu don kada a ce likita bai iya aiki ba. A share hanyar da baƙo zai bi. A rushe wata tsohuwar danga a kafa alama, don gari ya yi kama da inda ake aikin gini. In an tambayi majami'a, a ce an soma ta, gobara ta cinye. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin an shafa wa bangon da ke fuskantar hanya farar ƙasa a jajibirin zuwan minista, an bar sauran ukun yadda suke, ya san daga inda Gogol ya ɗebo wannan.

A daidai lokacin, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Kilestakof ya yi sati biyu a masaukin garin bai biya ko sisi ba. Tun 1722 sarki Piyer Babba ya kasa ma'aikatan Rasha mataki 14. Kilestakof yana kan na sha huɗu, wanda babu na ƙasa da shi. Yana kan hanyarsa ta zuwa gidan ubansa a lardin Saratof, ya ɓarar da guzurinsa wajen caca, mai masauki ya hana shi abinci yana barazanar kai ƙara. Wasu magulmata biyu suka gan shi yana leƙen kwanon abincinsu saboda yunwa, suka ce lalle wannan mai sa ido ne, suka ruga suka shaida wa kumandan cewa mai bincike ya riga ya sauka.

Haɗuwar kumandan da Kilestakof a ɗakin masauki ita ce, a ganina, zuciyar wasan baki ɗaya. Mutum biyu ne, kowa na rawar jiki don tsoron ɗaya. Saurayi yana zaton an zo a kai shi kaso saboda bashi, don haka ya shiga ɗaga murya yana buga tebur, yana cewa zai kai ƙara wurin minista. Kumandan ya ɗauki wannan hargagi a matsayin fushin babban mutum da ya riga ya san komi. Ya roƙe shi ya koma wani masauki da ya fi wannan. Saurayi ya ji kamar gidan yari ake nufi, ya ƙara tada jijiyar wuya. Da ya ce shi ba shi da kuɗi, kumandan ya ce a ransa, lalle wannan ya iya ɓad da kama. Ya nemi rancen rubul 200, kumandan ya cusa masa 400 a ninke, ya fita yana hamdala. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to ga shi nan an ɗora karin maganar bisa dandali an ba ta ƙafafu.

Kilestakof ba ɗan damfara ba ne irin wanda ke shirya tarko. Sai can wajen ƙarshe ma ya gane cewa an ɗauke shi wani ne daban. An kai shi gidan kumandan, an ciyar da shi, an shayar da shi, sai bakinsa ya buɗe. Ya fara da cewa shugaban ofishinsu yana dafa masa kafaɗa. Da ya ga an yi tsit ana saurare, sai ya zama marubucin littattafan da kowa ya sani. Daga nan ya zama mai gida mafi kyau a Fetersbur, wanda ake kawo wa miya daga Paris cikin jirgin ruwa. Kafin barci ya kwashe shi har ya kai ga cewa majalisar ƙasa tsoronsa take. Ma'aikatan da suka tsufa cikin ha'inci suna tsaye ƙiƙam suna kyarma. Su ne suka ɗinka rigar, shi dai ya iske ta a rataye ya zura. Gogol ya damu ƙwarai da wannan batu, har ya yi ƙorafi cewa ɗan wasan da ya fara fitowa a matsayin Kilestakof ya mayar da shi maƙaryaci irin na kullum, mai kashe ido yana neman a yi masa dariya. Ƴan wasanmu na gida da suka ƙware sun san wannan sirri: wanda ya hau dandali yana dariyar kansa ya rage wa ƴan kallo rabonsu.

Washegari manya suka shiga gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ya shigo da kuɗi dunƙule a hannu, tsoro ya sa suka faɗi ƙasa. Kilestakof ya tsince su, ya ce a ba shi rance, tun da guzuri ya yanke masa a hanya. Daga nan ya gane bakin zaren. Shugaban gidan waya rubul 300, mai kula da makarantu 300, mai gidan likita 400, shi kuma ya haɗa da tsegumin abokan aikinsa kaf, kyauta. Kafin azahar an haura dubu. Ba wanda ya ambaci cin hanci, rance kawai ake ba baƙon da hanya ta yi wa tsawo. Kowace ƙasa da sunan da take lulluɓe abin da shi; mu nan goro ne, ko kuɗin mai, ko na shayi, kuma duk wanda ya ba da irin wannan rance ya san ranar biyansa.

Yanzu sai ƴan kasuwa, don kada alhazanmu na Maraɗi su ce an manta da su. Da suka ji babban mutum ya sauka, suka taru a ƙofar gida da takardun koke, ƴan sanda na tare su. Kukansu gaskiya ne. Kumandan kan shiga kanti ya ga turmin yadi, ya yaba, ya ce a kai masa gida. A al'adar Rashawa kowa na da rana guda a shekara, ranar waliyyin da ya ci sunansa, da ake kai masa kyauta. Shi kumandan ya mayar da tasa biyu. Wanda ya yi gardama a sauke masa sojoji a gida, ko a kulle shi a yi ta ba shi kifi mai gishiri. Amma dubi yadda suka zo kai ƙarar mai cin hanci: da sukari da giya a hannu. Kilestakof ya ce shi ba ya karɓar toshi, sai dai rance. Suka ba shi 500 bisa faranti na azurfa, ya haɗa da farantin. Baransa Osif, wanda ya fi uban gidansa hankali nesa ba kusa ba, ya kwashe sukarin da giyar, har da ƴar igiyar da ya hango.

Da Gogol ya tsaya nan, da sai a ce wasa ne na azzalumin ma'aikaci da ɗan kasuwa abin tausayi. Bai tsaya ba. Bayan Kilestakof ya nemi auren ɗiyar kumandan (ya fara gwada sa'arsa wurin uwar), kumandan ya ga ya zama surukin fada, sai ya aika aka kira masa masu ƙara. Cikin zagin da ya yi musu ne muke jin sauran labarin. Wannan ya sayar wa gwamnati ruɓaɓɓen yadi ya ci dubu ɗari. Wancan ya yi kwangilar gada, ya rubuta katako na rubul dubu ashirin alhali bai kai na ɗari ba, kuma kumandan ne ya rufa masa asiri. Suka faɗi suna neman gafara, suka fita da sanin cewa gudunmawar biki tana jiransu. Ashe rikicin nasu na rabo ne tsakanin abokan cin mushe. Waɗanda aka zalunta da gaske su ne mata biyu da suka kutsa da ƙyar: wadda aka yi wa bulala, da matar maƙerin da aka tura mijinta soja ba bisa ƙa'ida ba, don iyayen waɗanda ya kamata su tafi sun kai abin kaiwa. Su ba su da abin ba da rance, ba su kuma samu komi ba. Kumandan har cewa ya yi matar sojan ita ta zane kanta.

Osif ya ba uban gidansa shawara su bar gari tun asiri bai tonu ba. Aka ba su dawakin gidan waya mafi kyau, kumandan ya ƙara wa surukinsa guzuri. Gidan ya cika da masu taya murna, kumandan yana hango kansa janar a Fetersbur, sai ga shugaban gidan waya da wasiƙa a buɗe: Kilestakof ne ya rubuta wa wani abokinsa ɗan jarida, yana kwatanta kowannensu da sunan da ya dace da shi. Aka shiga karatu, kowa ya zo kan sunansa sai ya nemi tsallakewa, na kusa ya fizge ya karanta da ƙarfi. Kumandan, da ke alfaharin shekara talatin yana aiki kuma ya ninke gwamnoni uku baibai, ya gane cewa yaro ƙarami ya wanke shi. A gyaran da Gogol ya yi wa wasan a 1842, nan ne kumandan ke juyowa ya tuhumi masu dariya cewa kansu suke yi wa. Ana cikin haka jandarma ya shigo ya ce mai bincike na gaske ya iso da umurnin sarki, yana kiran su yanzu. Kowa ya daskare inda yake. Gogol ya rubuta cewa a tsaya haka kamar gumaka kusan minti ɗaya da rabi kafin a saki labule, abin da a dandali ya fi shekara tsawo.

To, mu koma ga dariyar sarki. Amsar tana cikin wani karin magana namu: ba a mugun sarki, sai mugun bafade. Duk mai mulki da ƙarfi yana son wannan zance, don yana sauke masa kaya ya aza wa na ƙasa. A idon Nikola, wasan yana cewa ɓarna tana can ƙauye, inda idonsa bai kai ba, kuma ranar da ido ya kai, jandarma zai shigo. Wa ya aiko mai binciken gaske? Sarki. Ga shi kuma ma'aikatan da ke zaune cikin zauren sun ji a jikinsu cewa ana kallon su, abin da kowane mai mulki ke so bayinsa su riƙa ji. Wasan ya yi masa aikin da Sashe na Uku ke yi, a kan kuɗin tikiti.

Sai dai akwai ramin da sarki bai leƙa ba, ko ya leƙa ya kau da kai. Cikin garin nan kaf babu wanda ya yi mamaki da ya ga mutumin fada yana miƙa hannu. Tunaninsu duka bai wuce nawa za a ba shi, da kuma ta wace hanya za a miƙa ba. Kumandan da ya ga masu bincike iri-iri cikin shekara talatin bai ga komi cikin halin Kilestakof da ya saɓa wa abin da ya saba gani ba: wauta, fankama, kwaɗayi, duk sun yi daidai da siffar manyan Fetersbur a saninsa. Wannan shaida ce a kan fada, daga bakin wanda ya san ta. Saboda haka mai kallo mai hankali, cikin wannan minti ɗaya da rabi na shiru, yana iya tambayar kansa: in sun farfaɗo daga daskarewa, me za su yi? Za su shafa aljihu su ga abin da na ƙarya ya rage musu, su nufi masauki. Gogol bai nuna mana fuskar mai binciken gaske ba, bai kuma yi mana alkawarin cewa ya fi na farko ba.

Ma'aikata dai sun gane da su ake. Kwana goma bayan nunin farko Gogol ya rubuta wa Shepkin, babban ɗan wasan Mosko da zai fito a matsayin kumandan, cewa kowa ya taso masa: tsofaffin ma'aikata, ƴan sanda, ƴan kasuwa, har marubuta, amma duk da zagin ba a samun tikiti. A watan Yuni na 1836 ya bar Rasha, ya yi kusan shekara goma sha biyu yana yawo a Turai, galibi a Roma. Shi a ransa ba ɗan tawaye ba ne, mai biyayya ne ga sarki, kuma ya firgita da ganin yadda matasa ke fassara wasansa. A 1846 ya rubuta wani ƙarin bayani yana cewa garin nan ba gari ba ne, zuciyar ɗan Adam ce, ma'aikatan su ne miyagun halaye, mai bincike kuwa lamirin mutum ne a ranar mutuwa. Shepkin ya ƙi yarda, ya ce shi mutane ya sani masu jini da tsoka, kada a raba shi da su.

A 1847 Gogol ya fitar da wani littafi na wasiƙu yana yabon sarauta, yana kuma kare tsarin da ya mayar da manoma bayin masu ƙasa. Mai sharhin adabi Belinski, wanda ya fi kowa ɗaukaka shi a da, ya mayar masa da wasiƙa mai zafi, inda ya ce abin da Rasha ke bukata shi ne a ƴanta manoma, a daina dukan mutane, a kuma yi aiki da dokokin da ke akwai. Wannan wasiƙa aka hana yaɗa ta. A 1849 aka kama wani matashin marubuci, Dostoyebski, cikin laifuffukansa har da karanta ta a gaban abokai. Aka yanke masa hukuncin kisa, ran 22 ga Disamba aka fito da su filin harbi, sannan aka sanar da cewa sarki ya sassauta, ya yi shekara huɗu a kurkukun Omsk cikin Siberiya. Da Gogol ya rasu a 1852, Turgenef ya rubuta ƴan layuka na ta'aziyya a jarida. Aka tsare shi wata guda, aka kuma killace shi a ƙauyensu fiye da shekara. Duk wannan a ƙarƙashin sarkin da ya tafa a 1836, kuma wasan yana nan bisa dandali ba a hana shi ba. Dariyar ce aka ba izni. Wanda ya tsaya ya bayyana abin da ake wa dariya, shi ya ga jandarma na gaske.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Damagaram akwai wasan kara, inda samari ke naɗa nasu sarki da nasu manyan hukuma, su ƙera kayan aikinsu da kara, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa, sau da yawa masu muƙamin na gaske suna zaune suna kallo suna murmushi. Kowa ya san iyakar abin, kowa ya san in rana ta faɗi rawani zai koma kan mai shi. Zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, wasan kwaikwayo na Hausa ya samu gata irin wanda bai taɓa samu ba. Ƙungiyoyin samariya suna gasa a bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, ana zagayawa da shi jiha-jiha. Ƙungiyar su Yazi Dogo, wadda ba ta dogara da rubutaccen wasa ba sai tsari da kaifin baki, ta shiga kowane gida ta rediyo da talabijin. An ci fuskar ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi, da ma'aikaci mai taɓa asusu, da malamin tsibbu. Sau da yawa hukuma ce ke zuwa a ƙarshe ta raba gardama, kamar jandarman Gogol. Kunce shi kansa ya so matsayin mai bincike: har yau tsofaffin ma'aikata na ba da labarin yadda yakan faɗo wa biro da sassafe ba sanarwa ya ga wa ke nan, wa bai zo ba. Amma wanda ya nemi kifar da shi a watan Oktoba na 1983, yana halartar taron Faransa da Afirka a Vittel, na hannun damansa ne, Amadu Umaru Bonkano, mai ba shi shawara kan tsaro. Dandali bai isa ya leƙa wannan zaure ba.

Ba ina cewa waɗannan wasanni aikin banza suka yi ba. Talakan da ba ya iya buɗe baki gaban teburi ya samu sunan da zai kira mai teburin da shi in ya juya baya, kuma ma'aikaci da yawa sun fi tsoron a laƙaba musu sunan wani ɗan wasa bisa takardar gargaɗi daga minista. Da wasa ake gaya wa wawa gaskiya, wani lokaci har mai wayo yakan tsinci rabonsa. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki tafin mai mulki a matsayin shaidar ƴanci. Ma'auni shi ne tsayin matakin da dariya ke iya hawa kafin a tare ta. A maƙwabta, Femi Osofisan ya juya wasan Gogol ya zaunar da shi a ƙasar Yarbawa a 1978, ya sa ma'aikatan ƙaramar hukuma suna kyarma don jin sunan Tai Solarin, kwamishinan sauraren koke-koken jama'a na lokacin. Sojoji ke mulki, wasan kuma ya tsaya kan ƙaramar hukuma. Mu nan sai a babban taron ƙasa na 1991, wanda marubucin wasan Tanimun, Andire Salifu, ya shugabanta, aka ji ana kiran manya da sunayensu ta rediyo, ba tare da an fake bayan rawanin kara ba.

Rashawa sun sake gwada ma'aunin bayan faɗuwar sarauta. A 1926 mai tsara wasa Meyerhold, ɗan jam'iyyar kwaminis tun farkon juyin juya hali, ya sake ɗora Revizor a Mosko. Ya cire shi daga ƙauye, ya ba ma'aikatan tufafi da ƙasaita irin ta babban birni, yadda ba mai iya cewa ɓarna ta lardi ce kawai. A wurin shirun ƙarshe, da aka ɗaga labule, gumaka ne masu siffar ƴan wasan ke tsaye a madadinsu. Masu sharhi na jam'iyya suka yi masa ca, suka ce ya ɓata Gogol. A 1938 aka rufe gidan wasansa, a 1939 aka kama shi, aka azabtar da shi, ran 2 ga Fabrairu na 1940 aka harbe shi. Revizor kuwa ya ci gaba da zama cikin littattafan da ake karantar da yaran Tarayyar Sobiyet a makaranta, a matsayin hoton yadda ma'aikata suke a zamanin sarakuna.